Saƙon Godiya Daga Gidanmu Bayan Ciwon Cikin Yara

Assalamu alaikum ƴan'uwa da abokan arziki, na nan Damagaram da na nesa.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Da yawa daga cikinku kun san halin da gidanmu ya shiga tun tsakiyar bazara har damina ta kankama. Wasu kuma sai gani suka yi na ɓace daga majalisa, shago a rufe ba bayani. To yau ina shaida muku cewa yara sun miƙe. Autana ya koma cin abinci har yana ƙwace na yayyensa, ƴan allo sun koma allo, uwayensu sun samu barci. Ƙafata ba za ta iya zagaya kowa gida-gida ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ga waɗanda ba su san mu sosai ba, gidanmu gidan yawa ne a Garin Malam: ni da iyalina, ƙanena da nasa iyalin, ga Inna mahaifiyarmu a ɗakinta. Ciwon ya faro ne daga ɗiyata ta tsakiya, zawo da murɗar ciki da kumburi. Aka ba ta magani ta warware. Kafin mu gama hamdala ɗan ƙanena ya kwanta, shi yana tashi autana ya ɗauka. Abin ya koma kamar adashe, kowa da ranar kwasarsa, in an zagayo kuma a dawo kan ta farko. Bai taɓa kayar da su duka a rana guda ba balle a ce annoba ce, a hankali yake cin su. Sai dai ka ga wandon yaro ya fara zamewa daga ƙugu, ka ga wanda ba ya zama wuri ɗaya ya lafe a gindin bango yana kallon ƴan'uwansa suna wasa. Manya ma ba mu tsira ba, sai dai mu namu ba ya wuce tashin zuciya da gyatsa mai wari.

Godiyata ta farko bayan ta Allah, ga maƙwabciyarmu ce, wadda ke aikin sa kai na kiwon lafiya a unguwa. A daren da jikin auta ya rikice, amai ya haɗu da zawo, ita uwargida ta buga wa ƙofa. Ba ta tsaya neman mayafi mai kyau ba, ta shigo da ƙunshin SRO, garin gishiri da sukari da ake kaɗa wa mai zawo, a hannu. Ta duba idonsa ya faɗa, ta ga yana kuka ba hawaye, ta tambayi rabonsa da fitsari, ta ɗan ja fatar cikinsa ta saki ta ga ba ta koma da sauri ba. Nan take ta kaɗa ƙunshi ɗaya cikin lita 1 ta dafaffen ruwa, ta fara ɗiga masa da cokali, in ya yi amai ta jira kamar minti 10 ta ci gaba. Sannan ta dube ni ta ce, “Malam, wannan ba na jiran safiya ba ne, nemo abin hawa.” Mai adaidaitar da ya kai mu cikin daren nan ya jira har aka sa wa yaron ƙarin ruwa, da na miƙa masa kuɗi ya ce in riƙe in sayi magani. Ban san sunansa ba, ban san unguwarsu ba. In wannan rubutu ya iske shi, ya sani ana yi masa addu'a a gidanmu.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa ran kowa a daren nan kwalara ce. Wanda ya ga 2021, shekarar da kwalara ta ratsa jihar Damagaram da Maraɗi, ba ya jin amai da gudawa hankalinsa ya kwanta. Allah Ya sa ba ita ba ce.

Sai wadda, bayan Allah, ita ce sanadin yankewar abin: majo, wato shugabar CSI, ƙaramin asibitin da muke zuwa. Ranar da na sake kai mata wani daga cikin yaran, ta buɗe rajistarta tana bin layi da yatsa, ta ɗago ta ce, “Malam, duk waɗannan ƴan gida ɗaya ne?” Na ce ƙwarai kuwa, Madam. Ta ce, “To in muka ci gaba da yi musu magani ɗaya-ɗaya, har kaka za mu kai muna wannan zirga-zirga. Ka kawo min su duka, har manyan, har wanda ke cewa lafiyarsa lau.”

Ta tura mu gwajin bayan gida, ta kuma ja kunnena cewa gwaji ɗaya ba ya wadatarwa, don ƙwayar da take zargi ba kullum take fitowa ba, sai an kai a ranaku daban-daban. Haka kuwa aka yi. Na farko bai nuna komai ba, daga baya aka gan ta. Sunanta jiyardiya, ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana maƙalewa a hanji. Bayanin da majo ta yi mana shi ne ya warware mini duk abin da ya ɗaure mana kai. Ƙwan wannan cuta yana fita a bayan gida, yana iya daɗewa a raye cikin ruwa ko wuri mai laima, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kama mutum. Daga shigarsa ciki zuwa bayyanar ciwo ana ɗaukar sati 1 zuwa 2, shi ya sa muke ganin kamar abin ya wuce alhali yana kan hanya a cikin wani yaron. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutum na iya ɗauke da ita ba ya jin komai, yana yawonsa, yana raba wa na kusa da shi. A gidanmu an same ta har a jikin yaron da bai taɓa kwanciya ba. Ta duba karnen rigakafin ƙananan ta ga sun sha ɗigon rotabirus, wanda aka fara bayarwa a ƙasar nan tun 2014, ta ce wannan yana kare su daga wani zawon ne daban, ba ruwansa da jiyardiya.

Duk wanda gwaji ya nuna, ta rubuta masa metronidazol daidai da nauyinsa, ta ce a fara rana ɗaya a gama rana ɗaya, kada a tsaya don an ga sauƙi. Ƙanana ta haɗa musu da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Maganin nan ɗaci gare shi, yana barin wani ɗanɗanon ƙarfe a baki, uwayen yara ne suka san yaƙin da aka sha kafin ya wuce maƙogwaro.

Amma alherin da ba zan manta mata ba, bayan ta tashi daga aiki ta biyo maƙwabciyar tamu har cikin gida. Ba aikinta ba ne, ba wanda ya biya ta. Ta tsaya a gaban randa ta tambayi wa ke ɗiba, aka ce kowa. Ta ɗaga moɗa ta ga inda ake ajiye ta, ta kalli yadda yaro ke zura hannu har wuyan hannu in ruwa ya yi ƙasa. Ta tambayi yadda ake wanke hannu kafin tuwo, aka nuna mata kwano ɗaya da ke zagayawa daga babba zuwa ƙarami, na ƙarshe shi ke wanka da dauɗar kowa. Ta leƙa salga, ta tambayi inda ake wanke fo ɗin yara da inda ake zubar da ruwan wankin. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, ba ta kunyata mata ba. Cewa kawai ta yi a raba ruwan sha da na aiki, na sha a dafa shi ya tafasa sosai na aƙalla minti 1 a zuba a bido mai ƙaramin baki wanda hannu ba ya shiga, a riƙa tsiyayowa. Wanke hannu kuma da buta da sabuni, wani na zuba wa wani, bayan fitowa daga salga, bayan wanke wa yaro, da kafin a taɓa abinci. Na tambaye ta Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa da muke jefawa a bido mai lita 20 mu jira minti 30, ta ce yana da kyau, yana kashe ƙwayoyi da yawa har da na kwalara, amma ƙwan jiyardiya yana da taurin kai a gaban irin wannan magani, tafasawa ce ta fi tabbas.

Wanda ba ɗan garin nan ba zai ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Mu da muke zaune a kan dutse mun san ba haka ba ne. Damagaram ba ta da ruwa a ƙarƙashinta yadda wasu garuruwa ke da shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza ake jawo mana, kuma da bazara sai famfo ya yi kwanaki bai ce uffan ba, sai ƴan garuwa. A lokacin da kowane bido da lissafinsa, a ce maka ka ware na wankin hannu sau da yawa a yini, ka kuma nemo itacen dafa na sha, ba ƙaramar magana ba ce. A nan ne mutane suka tsaya mana. Mai garuwarmu, da aka yi masa bayani, bai ji haushi ba bai ce an raina sana'arsa ba. Ya ware mana bidunan da ya wanke ciki da waje, ya nemo musu marufi, kuma ko a ranakun da layi ya yi tsawo mu yake fara kawowa. Wani abokina na kasuwar Dole ya aiko mana da tukunyar gas ɗinsa mai kilo 6 ya ce a yi ta dafa ruwa, in ta ƙare shi zai cika. Allah Ya sa ku same shi a mizani.

Inna kuwa sai na ware mata nata wuri. Da farko cewa ta yi haƙora ne ke damun auta, su kuma manyan zafin gari ne, ta jiƙa abin da ta sani ta ba su. Ba ta yi haka don komai ba sai don da shi ta raine mu. Amma tun ranar da majo ta durƙusa ta gaishe ta, ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani a natse, Inna ta zama ita ce dogarin gidan. Ta jawo tabarmarta kusa da bidon ruwan sha, ba yaron da ya isa ya wuce ta da hannu ba wanki. Har ni ba ta ƙyale ba. In auta ya ƙi magani sai ta ce, “Haba maigidana, in ba ka sha ba wa zai yi min cefane?” sai ka ga ya buɗe baki yana dariya. Abin da mu da uwayensu muka kasa da lallashi da tsawa, ita da wasa ta gama shi. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Inna.

Uwargidana da matar ƙanena, ban san da bakin da zan gode muku ba. Wankin zannuwa da tsakar dare, shanya a rana, yanke wa yara farce, goge salga da ruwan jabel, dama koko a ba wanda cikinsa ba ya karɓar komai, alhali ku ma jikin ba daɗi. Ba ku taɓa tsayawa tantance wannan ɗan wace ɗaka ne ba. Ku ne kuka lura cewa bayan an gama magani, duk wanda ya sha fura da nono cikinsa sai ya sake motsi, hankalinmu ya tashi muka ɗauka cutar ce ta dawo. Majo ta ce a'a, hanjin ne bai gama komawa daidai ba, yakan ɗauki ƴan makonni kafin ya iya da madara, a ɗan jinkirta wa manyan yaran, amma mai shan mama a ci gaba da ba shi, kada a yaye. Na faɗi wannan ne don na san akwai uwar da za ta gamu da irinsa ta firgita.

Ina godiya ga yayanmu na Agadas da ya turo kuɗi tun kafin in buɗe baki. Tun 2006 aka ce lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, kuma mun ga amfanin hakan a kan ƙananan, amma gidan da manya da ƴan makaranta suka shiga layin gwaji da ordonansi, wato takardar sayen magani, a lokaci guda, aljihu sai ya ji a jikinsa. Ina godiya ga ƴan majalisarmu da suka yi karo-karo ba tare da sun sanar da ni ba, da yaron shagona da ya riƙe amana.

Akwai kuma mai farmasin da na je wa wata rana a gajiye na ce ya ba ni duk abin da ke tsayar da zawo. Ya ƙi. Ya ce maganin tsayar da zawo ba na ƙananan yara ba ne, kuma ba zai ba ni maganin kashe ƙwayoyi ba sai da takardar likita. A ranar na fita raina a ɓace, yau ina gode masa. Masu yawo da magani a faranti cikin rana ba za su taɓa ce maka a'a ba, ja da rawaya za su ƙirgo maka gwargwadon kuɗinka, kuma a ganina rabin zawon da ke ƙin jin magani a unguwanninmu daga nan yake samun gindin zama.

Malamin makarantar allon yaranmu, da na je na gaya masa dalilin rashin zuwansu, bai tsaya a “Allah Ya sawwaƙe” ba. Ya sa an ajiye buta da sabuni a bakin zaure, ya ce kowane almajiri ya zo da gorar ruwansa. Liman da jama'ar masallacinmu sun sa mu a addu'a bayan salloli. Mata maƙwabta sun yi ta aiko da kunu da tuwo a ranakun da ba a ɗora tukunya ba a gidan. Har yanzu akwai kwanoni da fulas a wurinmu da ba mu gane masu su ba, don Allah a aiko yara su duba.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, yawan ne ya fi ƙarfin kaina. Na kuma samu labarin akwai gidaje biyu a layinmu da yaransu ke fama da irin wannan yanzu haka. Na riga na yi magana da masu gidajen, kuma maƙwabciyar tamu ta ce za ta raka su wurin majo gobe da safe in Allah Ya kai mu. Ku sa su a addu'a kamar yadda kuka sa mu. Allah Ya ba su lafiya, Ya saka wa kowa da alheri.

Wassalamu alaikum.