Godiya bayan zaman waƙa da muka yi a Agege

Assalamu alaikum. Zaman rera waƙoƙi da muka yi ranar Asabar a Agege ya tashi lafiya, alhamdulillahi. Mu da muka shirya shi ba mu so mu ce "mun gode" a dunƙule mu wuce, domin kowa da irin nauyin da ya ɗauka. Kuma 'yan'uwa daga Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago sun yi ta tambaya yadda aka yi har na kujerar baya ya ji kowane ɗango, wato kowane layin waƙa. To ga godiyar, amsar tana cikinta.

Iyayenmu dattawan unguwa, Allah ya ƙara girma. Ku kuka ba da izini, ku kuka ce a fara da an idar da La'asar, a tsaya cak in an kira Magariba, a kammala kafin Isha'i. Wanda ya san cunkoson Legas ya san amfanin wannan: mai komawa nesa ya samu mota da wuri, ba a kuma bar masu waƙar ƙarshe da kujeru ba kowa ba.

Malaminmu da ya zauna da mawaƙa sati shida ana gyara, Allah ya saka da alheri. Dokarsa ta farko ita ce kada a miƙa masa takarda, a tashi tsaye a rera masa. Ɗangon da gaɓarsa ta yi yawa yana iya ɓoyewa a rubuce, amma da an buɗe baki sai a ji mai shi yana tuntuɓe, ko yana haɗiye kalma don ya cimma kari. Haka amsa-amo, wato sautin da ɗango ke ƙarewa da shi, in an cusa shi da ƙarfi, kunne ne ke fara kama shi. Kowa an ba shi minti 3. In waƙar 'yar ƙwar biyar ce, wato mai ɗango biyar a kowane baiti, baiti guda yana cin kusan daƙiƙa 20 a rerawa mai natsuwa, wato baiti 8 ko 9 ke nan, har da yabon buɗewa. Wanda ya zo da baiti 30 sai da ya zaɓa, kuma kusan kullum abin da ya rage bayan yankan ya fi na farko daɗi. Masu salon zamani, waɗanda ke faɗar waƙa ba tare da rerawa ba, matsalarsu gudu ce. Malam ya sa kowa ya ja layi da biro a duk wurin da zai ja numfashi, ya ja biyu a wurin da zai yi shiru ya bar maganar ta shiga. An kuma hana karatu daga waya, saboda allonta kan mutu ana tsaka da baiti, ga shi tana sa mutum ya sunkuyar da kai murya ta tafi ƙasa. Wanda haddarsa ba ta zauna ba, an buga masa da manyan haruffa a kati mai kauri, wanda ba ya kaɗawa ko da hannu na rawa.

Mai sauti, kai kam godiyarka daban ce. Ka saba da aikin biki, inda ake son amo ya yi ta maimaituwa, amma da muka roƙe ka ka kashe wannan maimaicin, wato eko, gaba ɗaya ba ka yi musu ba. Eko yana ƙawata kiɗa, sai dai yana cinye ƙarshen ɗango, kuma a nan amsa-amo yake zaune. Ka zo awa biyu kafin lokaci, ka gwada kowane mawaƙi da muryar da zai hau da ita. Ka ajiye lasifika biyu a gaban layin da mai waƙa ke tsayawa, suna fuskantar jama'a, shi ya sa ba a ji kukan nan mai tsaga kunne ba, wanda ke tashi idan makirufo ya ɗauki sautin lasifika ya sake mayar mata. Ka koya wa yara su bar tazarar yatsu huɗu tsakanin baki da makirufo, su ɗan karkatar da shi gefe, ka kuma sa masa soso. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai waƙa da Hausa: "f" ɗinmu da leɓe biyu ake hura ta, iska tana dukan makirufo kai tsaye, "ƙ" da "ts" kuwa suna fita da ƙarfi kamar an ɗana tarko. Makirufo marar waya an sa masa sabon batir, aka ajiye mai waya a gefe a jone. Da na farkon ya fara yankewa a kashi na biyu, cikin ƙiftawar ido aka sauya.

An ɗauke wuta sau ɗaya. Samarin da suka kai janareto bayan gini, wajen taku 30 daga zaure, suka ja doguwar waya, kun taimake mu, domin ƙararsa ba ta shigo ba. Ƙanwarmu da ke kan dandamali a lokacin ba ta tsaya ba, ta ɗaga murya ta ci gaba da baitinta, zaure ya yi tsit, har aka riƙa karɓa mata amshi cikin duhu. Hadda ce ta yi mata rana. Rubutacciyar waƙarmu dama don kunne aka yi ta tun asali: a ƙarni na 19 malamai mata da Nana Asma'u ke turawa, waɗanda ake kira jaji, da ka suke ɗaukar waƙoƙinta su kai wa mata a ƙauyuka.

Ga jama'a, mun san mun taɓa al'ada da muka ce kada a yi liƙi ana cikin waƙa. Mun gode da kuka fahimta. Mutum ɗaya in ya hau ya tsaya a gaban mai waƙa, ya tare makirufo, ya raba hankalin zaure, mai hadda kuma ya rasa inda yake. Faifan da aka ajiye a gefen dandamali ya karɓi alherin kowa bayan an sauke baitin ƙarshe, kuma duk abin da aka zuba ya isa hannun mai shi. Mai gabatarwa ma ya kyauta, suna da taken waƙa kawai yake faɗa ya koma gefe, bai mai da kowace gabatarwa lacca ba. Maƙwabtanmu Yarabawa da suka zauna har ƙarshe, da yaranmu haifaffun Legas da wasu tsofaffin kalmomi ke yi musu nauyi, dominku aka sa kowane mawaƙi ya yi jimla guda ta bayani kafin ya fara. Guda tak, don kada bayani ya kashe waƙar.

Iyaye mata da suka kawo ruwan ɗumi da citta a filas don masu murya, da masu shara, da waɗanda suka loda kujerun haya a daren aka mayar, Allah ya biya ku da mafificin alheri.

Abu guda bai yi mana daidai ba: fitilar dandamali tana bayan mai waƙa, fuskoki suka yi duhu, alhali rabin waƙa a fuska ake karanta ta. Laifin tsarinmu ne, kuma zama na gaba fitila biyu za a sa ta gaba, hagu da dama, sama da tsayin kai. An tsinci lema baƙa da hula zanna guda, suna wurin mai gadin zauren.