Talata, ajin JSS 1

Yau na gaji wallahi amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta. Ina da Turanci a JSS 1 bayan burek, na ce kowa ya tashi ya faɗi abin da ya ci da safe, jimla biyu kawai. Akwai wata yarinya da ke zama jikin taga, a rubutu babu mai kamo ƙafarta a ajin, amma ka ce ta yi magana sai ta ja hijabi ta rufe baki. Yau dai ta daure ta miƙe, tana zuwa kan kalma mai p sai f ta fito, yadda duk muke yi tunda Hausa ba ta raba su ba, ai kuwa 'yan bayan aji suka kwashe da dariya har da buga benci. Ta zauna ido ya ciko.

Ƙawarta ce ta ba ni mamaki. Kafin in buɗe baki ta ɗaga hannu, "Malama ni ma bari in gwada", ta maimaita jimlar da kuskuren sak, kuma da gangan ne don na san ta iya. Dariya ta koma kanta, ita ko a jikinta. 'Yar shekara 12 fa, ta duba fuskar 'yar'uwarta ta gane halin da take ciki.

Lokacin NCE mun haddace Krashen, masanin koyon harshe, da ya ce fargaba shinge ce da ke hana harshe shiga kan ɗalibi, da Goleman, masanin halayyar ɗan Adam, da ya yayata batun sanin motsin zuciya a 1995, muka zuba a jarabawa muka wuce abinmu. Alhali mu ke gina shingen. Monita na rubuta sunan masu banakula a ci su tara, a gida an ce 'ya mai kunya ba ta ɗaga murya gaban babba, ita kanta WAEC takardar furucinta canki-canka ce, babu mai cewa buɗe baki mu ji. To don me yaro zai mai da kansa abin dariya?

Da aka tashi na tsayar da masu dariyar, ban taɓa kowa ba, cewa kawai na yi kowa ya faɗi jimlar, rabinsu suka hau kame-kame. Gobe bibbiyu zan haɗa su, kowa ya gwada da na kusa da shi tukuna kafin a fito gaban aji. Ga makin ɗin littattafai ban fara ba, kuma an ɗauke wuta tun magariba.