Motar Baba

Yau Baba ya ce ƙafarsa ta yi sauƙi, in kai shi Juma'a a motarsa. Har ya sa babbar riga ya zauna a gaba, na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas, shiru. Bai ce komai ba, ya dai ɗora hannu a kan gwiwarsa. Wallahi abin ya taɓa ni.

Mai rewaya da na kira daga Jekadafari ya gwada batirin, volt 11.8, alhali mai cikakken caji 12.6 yake nunawa. Ya ce, "Alhaji, mota ko a ajiye take, agogo da ƙararrawar ɓarayi suna shan wuta, ga zafin Gombe yana ƙara zuƙe batir." Ɗumama ta minti biyar da ake yi a tsakar gida ba ya isa ya cika batir. Sai a yi tafiyar kamar rabin awa duk mako, in kuma motar za ta daɗe a ajiye, a cire wayar kan nagatib na batirin, wato mai alamar (-). Ni tafiyar na zaɓa, tare da Baba, don shi ma ya gaji da zaman gida.