Kalmar "sha" da ta ci mini aikin watanni

Har yau idan na buɗe fayil ɗin binciken nan sai raina ya sosu, domin kalma ɗaya da na rubuta da hannuna a takardar tambayoyi ita ce ta rushe shi. Abin da muka sa a gaba shi ne gano yawan masu ciwon sukari nau'i na biyu da ke fama da kasalar tumbi, wato jinkirin saukar abinci daga tumbi zuwa hanji ba tare da wani abu ya toshe hanya ba. An daɗe da sanin wannan matsala, tun 1958 likita Kassander ya raɗa mata suna a tsakanin masu sukari, kuma an san cewa daɗewar sukari a sama yana lalata jijiyar da ake kira bagus da ƙwayoyin halittar da ake kira Kahal, waɗanda su ne ke tsara motsin tumbi.

Neman izini da tattara mutane sun tafi lafiya lau. Gwajin ma mun bi ƙa'idarsa: mutum ya zo da azumi, ya ci abincin da aka sanya wa ɗigon sinadarin da na'ura ke iya gani, a ɗauki hoto nan take, sannan bayan awa 1, awa 2 da awa 4. Wanda fiye da kashi 10 cikin 100 na abincin ya rage a tumbinsa bayan awa 4, an ce yana da jinkiri. Mun kuma riƙa auna sukarin kowa da safe, saboda hawansa kaɗai yana rage gudun tumbi.

Tambaya ta bakwai a takardata ita ce: "Waɗanne magunguna kake sha?" Mutane suka amsa tsakani da Allah, suka lissafa ƙwayar sukari ta metfomin da ƙwayoyin hawan jini da sauransu. Da sakamako ya fara taruwa sai na ga masu jinkiri sun fi abin da na zata yawa, kuma maimakon hankalina ya tashi, murna na yi, har na fara ƙulla yadda zan gabatar da aikin.

Wata dattijuwa ce ta tona asirin. Ta dawo karɓar sakamakonta, ta buɗe jaka tana neman katinta, sai na hango kwalin alƙalamin allura a ciki. Na ce, "Mama, wannan fa?" Ta ce, "Ai allurata ce ta mako-mako, ɗana." Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba ranar da muka cike takarda, ta dube ni da mamaki ta ce, "Kai ka ce wanda nake sha, wannan kuwa ba a shan sa." Gaskiyarta ce. Allurar Ozempic ce, ɗaya daga cikin magungunan sukari da ke kwaikwayon GLP-1, wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, kuma rage saurin saukar abinci daga tumbi yana cikin ainihin yadda suke aiki. Ke nan jinkirin da na rubuta mata a matsayin illar ciwo, mai yiwuwa aikin maganinta ne kawai.

A daren nan ban runtsa ba. Washegari na fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, sai ga wasu ma suna kan irin wannan allura, wasu kuma sun canja lamba ko sun ƙaura, babu hanyar sanin halin da suke ciki ranar gwaji. Waɗannan su suka fi yi mini ciwo, domin ba zan iya ƙirga su a masu kasalar tumbi ba, ba kuma zan iya cire su da hujja ba. Sake gwajin ma ba abu ne mai sauƙi ba. Yawancin magungunan da ke taɓa motsin tumbi ana dakatar da su kwana 2 ko 3 kafin a ɗauki hoto, amma wannan allura sai kusan mako guda kafin rabinta ya bar jini, ragowarta kuma tana kai kimanin mako 5. Ba zan ce wa mai sukari ya ajiye maganin da ke riƙe da shi tsawon haka don kawai in gyara lissafina ba.

Da na kai wa malamina labari, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko na gwada takardar a kan mutane kaɗan kafin in fara. Na ce, "Ranka ya daɗe, abokan aiki na ba su duba." Nan ne na ga inda gizo ke saƙa: su likitoci ne, idan suka ji "magani" allura na cikin ransu, mara lafiya kuwa abin da kunnensa ya ji yake amsawa.

Duk wanda zai shiga irin wannan bincike, ina roƙonsa kada ya dogara da lissafin baki. A ce wa kowa ya zo da dukkan abin da yake amfani da shi a jaka, a zube a kan tebur, a duba kwali-kwali, a rubuta ranar da aka yi allura ta ƙarshe. A tambayi masu kashe zafin ciwo dangin taramadol daban, domin su ma suna rage gudun tumbi. Mun sake farawa da sababbin mutane, tambaya ta bakwai kuma ta rabu gida uku: abin da ake sha, abin da ake yi da allura, da abin da aka daina cikin wata biyu da suka wuce.