Kafin ka goge abin da ke cikin rimot

Rimot ɗin da ake saita wa aiki, wanda shi kaɗai yake juya talabijin da dikoda da amfilifaya, yawanci ba ya mantuwa don an cire masa batir. Sai ka ga mutum ya zare batir ya bar shi ya kwana, da safe ya mayar, ya tarar yana nan da halinsa. Abin da aka saita masa yana zaune ne a wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta buƙatar wuta kafin ta riƙe abu. Gogewa sai da niyya, da lambar da kamfani ya tanada. A aikin haɗa kayan kallo da sauti da nake yi a gidajen Sakkwato, babban abin da na koya game da lambar nan shi ne rashin gaggawar danna ta.

Masu gida kuwa ita suke fara nema. "Malam, wanga rimot ya haukace, goge shi duka ka sake." Galibi kuma lafiyarsa ƙalau. Nakan fara buɗe kyamarar waya in saita kan rimot ɗin in danna maɓalli. Hasken da yake aikawa ido ba ya ganinsa, amma kyamarar wayoyi da yawa tana nuna shi yana ƙyaftawa. In ya yi rauni, batir ne, ko kuma zafin Afrilu ya sa batir ya yi ruwa ya ci ƙarfen. In wasu maɓallai ne kawai suka ƙi, ƙurar hunturu ce ta shige ƙarƙashin robar.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce ta ɗauke wuta. An shirya maɓalli guda ya kunna talabijin, ya kunna amfilifaya, ya kai ka dikoda, bi da bi. To, na'urori da yawa umarni ɗaya suke da shi na kunnawa da kashewa: in a kashe take ya kunna ta, in a kunne take ya kashe ta. Rimot kuma ba ya ganin abin da ke faruwa a falo, aikawa kawai yake yi. Sai NEPA ta ɗauke ana cikin kallo, a tada janareta, talabijin ya dawo da kansa, amfilifaya ta tsaya a kashe. Da an danna maɓallin nan, talabijin ya mutu, amfilifaya ta tashi. A sake dannawa, su yi musanya. Na tarar da haka a wani gida a Arkilla, yara sun kewaye ni, kowa na ba da labarin aljanin da ya shiga rimot. Na tashi na kashe kowace na'ura da hannu, na dawo na danna sau ɗaya, komai ya tashi tare. Alhaji ya dube ni ya ce, "Shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe." Ina jin bai so biyan kuɗin mashin ɗina ba ma.

Idan kuwa gogewar ta zama dole, sai ka san me za ka rasa, don abin da ke ciki ba darajarsa ɗaya ba. Lambar da rimot yake gane kowace na'ura da ita mai sauƙin fitarwa ce. A rimot irin na One For All, ka riƙe maɓallin saiti har fitila ta ƙyafta sau biyu, ka danna 990, sannan ka danna 1 ka ƙirga ƙyaftawa, ka danna 2 ka ƙirga, har ka fitar da lambar gaba ɗaya. Inda bai ƙyafta ba, sifili ke nan. Jerin umarnin da aka ɗora wa maɓalli guda ma ana sake shirya shi, lokaci kawai zai ci.

Mai tsadar shi ne abin da rimot ya koya daga bakin wani rimot. Da 975 ake yi: a haɗa kawunansu a kan tebur, a danna na asali, sabon ya kwafe hasken ya ajiye. Ana yin haka ne ga na'urar da lambarta ba ta cikin littafin kamfani, irin amfilifayar da aka sayo daga Dubai ko Jidda, mai sunan da ba wanda ya taɓa ji. Shekara biyu, uku, na asalin ya ɓace, ko yaro ya jefa shi a randa. Daga ranar, maɓallan amfilifayar nan ba su da wani wurin zama a gidan sai cikin wannan rimot. Ka danna 981, ya koma yadda ya fito daga kamfani, garin neman gira ka rasa ido. Shi ya sa maigidana, wanda na koyi aiki a wurinsa, ba ya taɓa rimot sai ya tambaya: "Ina na asalin?" In an ce babu, 976 yake bi, mai cire maɓalli ɗaya da aka koyar ba daidai ba ya bar sauran. Yana da littafin makaranta mai layi, kowane gida da shafinsa, kowace na'ura da lambarta. A lokacin ina ganin tsufa ne. Yanzu nawa ya fi nasa kauri.

Akwai kuma abin da littafin kamfani ba ya faɗa. Hajiyar gidan ba ta karanta rubutun da ke jikin maɓallai, da wuri ta san su: ja na ƙasa shi ke kai ta Arewa24, na gefensa shi ke rage murya in an kira salla. Ka goge ka sake shiryawa yadda kai kake ganin ya fi tsari, ka raba ta da talabijin ɗinta ke nan sai jikoki sun dawo daga makaranta. Don haka nakan roƙi a nuna mini yadda kowa yake dannawa, in rubuta, in mayar da kowane abu gurbinsa ko da tsarin bai yi mini ba.

Inda nake gogewa ba tare da dogon tunani ba shi ne rimot na hannu da aka sayo a kasuwa, cike da saitin falon wani Bature. Shi ma in Harmony ne na Logitech, sai a kula: saitinsa ta intanet ake yi, a asusun mai shi, sannan a tura cikin rimot. Kamfanin ya sanar da daina ƙera su a 2021, ga shi har yanzu suna shigowa cikin kayan gwanjo da araha. Nakan ce wa mai saye ya bari mu buɗe asusu mu ga ya karɓi rimot ɗin tukuna, sannan a goge na ciki, sannan ya biya.