Inda daɗin rubuta manhaja yake

Idan aka tambayi masu rubuta manhajar kwamfuta wane ɓangare na aikinsu ya fi yi musu daɗi, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce fara sabon aiki, lokacin da shafin yake fayau babu ko layi ɗaya, babu kurakuran da aka gada daga hannun wani, kuma wuƙa da nama suna hannun mai rubutu. Gaskiya ne, sai dai daɗi ne mai gajeren zango. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360, babbar manhajar gudanar da kwamfuta, a kamfanin IBM, ya bayyana a littafinsa na 1975 cewa kashi ɗaya cikin shida kacal na lokacin aiki yake ware wa rubutun kansa, kashi ɗaya cikin uku ga tsarawa, rabi kuwa ga gwaji da gyara. Ke nan wanda ba ya jin daɗin komai sai sabon rubutu zai shafe yawancin kwanakinsa cikin ƙunci.

A ganina, abin da yake riƙe mutane a wannan sana'a shi ne saurin samun amsa. Mutum ya rubuta umarni, ya danna maɓalli, nan take kwamfuta ta nuna masa ko ya yi daidai ko ya kauce, ba ta yi masa kara, ba ta kuma riƙe shi a zuciya. Shi ya sa farautar kuskure, wadda kowa yake kuka da ita, take ɗauke da daɗin da ya fi kowanne ƙarfi. A ɗauki manhajar da take aiki lafiya sai idan an nemi abu na ƙarshe a cikin jeri, sannan ta tsaya cak. Mai gyara zai yi ta bin sawu, yana zargin wannan yana wanke wancan, har ya tuna cewa yawancin harsunan manhaja daga sifili suke fara ƙirga, saboda haka a jerin abu goma na ƙarshe lamba 9 yake ɗauka, shi kuwa rubutun yana neman lamba 10 wadda babu ita. Gyaran bai wuce sauya alama ɗaya ba, amma ganewar ita ce ladar wunin gaba ɗaya.

Akwai ma dabarar da ta mayar da wannan farauta kamar wasa. A cikin Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin adana tarihin sauye-sauyen manhaja, ana iya raba tarihin biyu, a gwada tsakiya, a watsar da rabin da ba shi da laifi, a sake rabawa. Ko da sauye-sauyen sun kai 1,000, gwaji kusan goma ya isa a kama wanda ya kawo ɓarna.

Waɗanda suka daɗe a aikin sukan ambaci wani abu da sababbin shiga ba su cika fahimta ba, wato share rubutu. Idan mutum ya gano cewa layi ɗari biyu masu sarƙaƙiya za su iya komawa talatin, ya goge sauran, gwaje-gwaje kuma suka wuce lafiya, to ya rage wa duk wanda zai zo bayansa wuraren da kuskure zai ɓuya.

Hujjar cewa daɗin yana cikin warware matsalar kanta ita ce mutane suna yin hakan ba tare da an biya su ba. Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya sanar da Linux, manhajar da take gudanar da kwamfuta, a 1991 a matsayin abin sha'awa kawai, kuma tun 2015 masu rubuta manhaja suke taruwa kowane Disamba a gasar intanet ta Advent of Code suna warware tambayoyin da ba sa kawo ko sisi.

Ɓangarorin da aka fi gudu kuwa su ne waɗanda amsarsu take jinkiri ko ba ta zuwa sam: dogon taro, ƙiyasta ranar da aiki zai kammala, da rubuta bayanin yadda manhaja take aiki. Abin dariya shi ne, mutumin da ya ƙi rubuta bayanin tasa manhajar shi ne yake fara ɗaga murya idan ya buɗe ta wani ya tarar babu bayani.