Labulen ya fito tar, fuskar Mama ta ƙi

Mama ba mai son hoto ba ce. Da kyar da jiɓin goshi ta yarda ta zauna min kusa da taga, hasken yamma na sauka a gefen fuskarta, lokacin wata uku ke nan da sayen kyamarata ta farko. Na ɗauka, na duba allon bayan kyamarar, hoto ya yi kyau har ita kanta ta yi murmushi. Nan take na ƙudurta zan wanke shi babba, inci 8 da 12, a rataye a bango.

Da aka wanke, sai ga fuska kamar an gina ta da ƙananan bulo, gefen kunnenta hawa-hawa kamar matakala. Na ɗauki takardar na kai wa yayana, wanda ya daɗe yana ɗaukar hoto, ina ƙorafin an sayar min da kyamarar banza. Bai ko kalli takardar sosai ba, ya karɓi kyamarar ya shiga saitinta, ya juyo min da allon.

"Wa ya sa maka wannan?"

"Ni ne, Yaya. Memori nake tattali."

Ranar da na sayi kyamarar na lura cewa idan na zaɓi mafi ƙanƙantar girma, adadin hotunan da memori zai ɗauka sai ya tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai. Na ga banza ta faɗi. Ashe kyamarar da ke iya ɗaukar ɗigo (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wato ɗigo miliyan 24 ko megafiksel 24, na ɗaure ta a kan 720 da 480. Ko rabin megafiksel ɗaya bai kai ba. Abin da ya rufe min ido shi ne allon kyamarar inci 3 ne kacal, ɗigon da yake iya nunawa kusan ke nan, don haka a cikinsa komai lafiya lau.

Yaya ya yi min lissafin a bayan takardar. Hoton da za a riƙe a hannu a kalla, ana son ɗigo kamar 300 a kowane inci. Inci 8 da 12 na buƙatar 2400 da 3600 ke nan, megafiksel 8 da 'yan kai. Ni kuwa ɗigo 720 na shimfiɗa a kan inci 12, kowane inci ya samu 60. Hotona a gaskiyarsa inci 2.4 ne da 1.6, ɗan abin da za a sa a aljihun riga.

Ban haƙura ba. Da daddare na buɗe hoton a kwamfuta, na ga wani gurbi an rubuta 72, na goge na sa 300, ina jin na yi dabara. Wannan lambar umarni ce kawai ga na'urar bugawa kan yadda za ta jera ɗigon da ke akwai, ba ta ƙara ko ɗaya. Da na tilasta wa manhajar ta ƙara girman, sai ta ƙirƙiro ɗigo ta hanyar kintace, bulon ya ɓace, fuskar ta koma kamar an shafe ta da man shafawa. Babban hoto ana rage shi a kowane lokaci. Ƙarami kuwa, abin da kyamara ba ta kama ba ya tafi.

Na mayar da saitin kan L, mafi girma, na ari gilashin gaban kyamara na Yaya mai milimita 50, na sake lallaɓar Mama. Wannan karon na ce ai magana ta ƙare.

Na buɗe a kwamfuta, fuska dishi-dishi. A raina na ce to megafiksel 24 ɗin ma ba su isa ba, har na fara duba kyamarori masu 45. Nan ne Yaya ya yi min abin da har yau nake amfani da shi. Ya zuƙo hoton zuwa kashi 100, ya ce kada in kalli inda ya lalace, in nemo inda ya fito. Muka bi hoton lungu-lungu. Bayan kafaɗar Mama akwai labule mai ratsi-ratsi, kuma wallahi zaren saƙarsa ana iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ka gani? Kyamararka lafiyarta ƙalau. Labule ka ɗauka."

Na bar wa kyamarar zaɓin inda za ta saita ido, ita kuma inda haske da duhu suka yi iyaka mai kaifi take nema. Ratsin labule ya fi kumatun mutum wannan. Ƙari a kan haka na buɗe ƙofar hasken gilashin har ƙarshe, f/1.8, don na ji an ce haka ake samun baya mai laushi. A tazarar mita ɗaya da rabi, da irin kyamarata, wurin da zai fito garau a wannan buɗin bai wuce santimita 6 ba daga gaba zuwa baya. Ko a fuskar aka saita, ido na iya fitowa kunne ya ƙi. Da na rage buɗin zuwa f/5.6, da zurfin ya ninka kusan sau uku.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ban san ina da ita ba sai da ya tsaya yana kallon yatsana: dannawa nake yi gaba ɗaya, kamar mai kashe sauro. Maɓallin hawa biyu gare shi. Rabin dannawa kyamara ta nemo saiti ta yi ɗan ƙara, sannan a ƙarasa a hankali. Ya mayar min da ita kan ɗigon saiti guda ɗaya wanda ni zan riƙa matsar da shi, ya ce in ɗora shi kan idon da ya fi kusa da ni. Ga yara masu guje-guje kuma akwai saitin da ke bin abu yana motsi, Nikon na kiransa AF-C, Canon na kiransa AI Servo.

Wannan neman inda ya fito shi ke raba min cututtukan yanzu. In wani wuri daban ya fito tar, saiti ne ya kauce. In babu inda ya fito ko ɗaya, gefen komai ya zama biyu-biyu, hannuna ne ya girgiza, kuma da gilashi mai milimita 50 ba na yarda ƙiftawar kyamara ta ɗauki lokacin da ya wuce 1/100 na daƙiƙa sai in an kafa ta a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. In ɗaki ya fito amma hannun mutum ya ja wutsiya, shi ne ya motsa. Babu ɗaya a cikin ukun nan da yawan megafiksel ke warkarwa. Ni a ganina ma tona asirinsu yake yi.

Zama na uku Mama ta ce na ƙarshe ke nan, kuma ta cika alkawari. Na ɗauki goma sha biyu, ina zuƙo kowanne a allon in duba gashin ido kafin in ce ta tashi. Huɗu suka fito yadda nake so.

Saura kaɗan in sake ɓata shi a wajen turawa. Na aika wa ƙanwata ta manhajar hira a waya don ta kai a wanke, sai Allah ya sa na ce ta duba min girman abin da ya iso mata. Manhajar ta matse shi, tsawonsa ya dawo ƙasa da ɗigo 2000. Na sake turawa a matsayin fayil, ya isa da 6000 ɗinsa cif. Shi ne a bango yanzu, ana ganin taga a cikin ƙwayar idonta, labulen kuma ya narke a baya, ratsinsa ma ba a ganewa.